Ina zan kai yara su ga tsohon itace na gaske kusa da Legas?

Baban_Walida_Agege:
Salamu alaikum jama'ar gida, barkanmu da war haka. Tambaya gare ni ga waɗanda suka san lungu da saƙon Legas. Yarana duk a nan Agege aka haife su, babbar an ba su aikin gida a makaranta kan itatuwan Najeriya, ina taya ta sai na gane yarinyar nan ba ta taɓa tsayawa a gindin itacen da ya girmi kakanta ba, iyakar abin da ta sani mangwaron bayan gida da kwakwar bakin titi. Ina so cikin hutun nan in kwashe su mu je wani daji mai tsohon itace na gaske, irin wanda mutum biyar ba za su rungume shi ba, amma wurin da za a je a dawo a yini ɗaya don ba ni da halin kwana a otal. Maƙwabcina ya ce asarar kuɗin mota ce kawai, wai itace itace ne. Ni dai ban yarda ba. Ina kuka sani?

Maman_Sadiq:
Wa alaikumus salam. Lekki Conservation Centre kai tsaye Baban Walida, kada ma ka wahalar da kanka da nisa. Mun kai namu sun ji daɗi sosai, har yau ƙaramin yana labarin birai.

Injiniya_Ajah:
Na goyi bayan Maman Sadiq, kullum ta gaban wurin nake wucewa in zan je aiki. Yana kan titin Lekki zuwa Epe daf da Chevron. Ƙungiyar kare muhalli ta NCF ce ta kafa shi a 1990, faɗinsa hekta 78, wani sashe fadama ce mai duhun itatuwa wani sashe kuma fili ne mai ciyawa. A kan hanyar katako ake tafiya don ƙasan ruwa ne da taɓo. Akwai gadar sama mai tsawon mita 401 da aka buɗe a 2015, ita ce ake cewa ta fi kowacce tsawo a Afirka, amma tikitinta daban ne da na shiga kuma ba sa barin ƙananan yara su hau, in ana ruwa ma rufe ta suke yi. Abin da ya fi dacewa da tambayarka shi ne ɗakin da aka kafa a saman wani ƙaton itace, wajen mita 21 daga ƙasa, da tsani ake hawa. Masu zagayawa da mutane sun ce mana ɗorawa ce. Ka tambaya tun a ƙofa ko a buɗe yake ranar.

Bakatsine_Mile12:
Haba Injiniya. Bawan Allah ya ce TSOHON itace yake nema kai kuma ka kawo masa abin 1990? Ai ni ma na girmi wannan dajin.

Injiniya_Ajah:
@Bakatsine 1990 aka killace wurin, ba 1990 aka shuka shi ba ɗan'uwa. Da can duk yankin Lekki haka yake, fadama da kurmi har bakin teku, aka yi ta cike ƙasa da yashi ana gina rukunin gidaje, wannan gutsuren ne ya tsira saboda an kewaye shi da wuri. In ka hau sama ka leƙa za ka ga rufin gidaje sun zagaye shi ta ko'ina, wallahi abin har tausayi yake ba ni.

Bakatsine_Mile12:
To na ji wannan. Amma dai itacen fadama ba ya yin irin kaurin da yake faɗa, wanda ya taɓa tsayawa gindin kuka a Katsina ba zai je Lekki ya ce ya ga tsohon itace ba.

Ummi_Unilag:
Baba Bakatsine kana da gaskiya ta wani ɓangaren, kaurin kuka daban ne, amma itacen kurmi tsawo yake yi saboda gasar neman rana, shi ya sa za ka ga ya miƙe sambal ba reshe sai can ƙoli. Ni fannin tsirrai nake karanta, kuma in Baban Walida yana son wani wuri a kan titin dai, ya wuce Sangotedo akwai gandun itatuwa na Lufasi, Desmond Majekodunmi ne ya kafa shi. A can akwai itacen ekki, katakonsa ja ne mai tsananin tauri da nauyi har nutsewa yake a ruwa, da shi ake shimfiɗa ƙarƙashin layin dogo da gina gadoji a bakin ruwa, shi ya sa aka kusa ƙarar da shi. Wurin ya fi sauƙi ga masu ƙananan yara don ba sai an hau komai ba, ka ɗaga kai kawai.

Direban_Tirela:
Duk waɗannan lambu ne a wajena. In daji kake so na gaske sai Omo a jihar Ogun, kan hanyar Sagamu zuwa Ore, ka wuce Ijebu Ode ka shiga ta yankin da ake kira J4. Ni na ɗauki katako a yankin nan shekarun baya kafin in koma dakon kaya daga Apapa. Wata rana wani mafarauci ya shiga da mu ciki a ƙafa ya nuna mana wani rimi, wallahi saiwoyinsa sun fito saman ƙasa sun tsaya kamar katangar ɗaki, na shiga tsakanin biyu abokina bai gan ni ba kuma ni ba gajere ba ne. Da azahar tsaka amma duhu, ƙasa a jiƙe ganye ya ruɓe yana wani irin ƙamshi, ka ɗaga kai hularka ta faɗi ba ka ga ƙarshen itacen ba. Jikinsa duk gansakuka da igiyoyin daji sun sauko har ƙasa. Mun fi minti ashirin ba wanda ya yi magana sai tasbihi. Har giwaye akwai a dajin, ban gan su ba amma na ga kashinsu da sawunsu a taɓo. Sai dai gaskiya ba tafiyar yara ba ce kuma ba ta yini ɗaya ba, da damina hanyar ciki ko babur da ƙyar.

Ummi_Unilag:
Omo kam ba wasa ba ne, tun 1925 gwamnati ta keɓe shi, kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take kula da su a 1977. A tsakiyarsa akwai wani yanki da aka haramta sare ko tsinke, can ne manyan suka rage. Gefen kuwa gonakin koko da masu zarto sun ci shi sosai.

Direban_Tirela:
Ƙwarai 'yata. Ni da kaina na ɗora gungumen loko guda ɗaya da ya cika bayan mota shi kaɗai, lokacin murna nake don kuɗin dako ya yi kyau. Daga baya da na hau gadar Third Mainland na leƙa wajen masu zarto na Oko Baba, gungumen da ake jawowa ta ruwa duk sirara ne, manyan sun ƙare. Tsofaffin masu zarto ma haka suke faɗa.

Hajiya_Obalende:
Ni shawarata Osogbo. Kurmin Osun hekta 75 ne, UNESCO ta amince da shi a 2005, kuma dalilin da ya sa itatuwan suka tsira shi ne mutanen garin suna ganin wurin da tsarki ba mai sa masa gatari. Akwai wata Baturiya 'yar Ostiriya Susanne Wenger da ta ƙare rayuwarta a garin tana kare shi har ta rasu a 2009. In ka fita da asuba ta hanyar Ibadan za ka iya dawowa da dare amma yara za su jigata. Kada ka je a watan Agusta, lokacin bikinsu ne ba masaka tsinke.

Malam_Idi_Araba:
Hajiya da girmanki, nan fa sai an yi hattara. Wannan kurmin wurin bauta ne, gumaka ne a ciki ko'ina. Kuma ba can kaɗai ba, yawancin tsofaffin itatuwan da za ku gani a ƙasar Yarbawa an ɗaura musu farin ƙyalle, a gindi ka ga manja da ƙwai da goro. Mu tuna labarin Zatu Anwaɗ, itacen da mushrikai suke rataya makamansu don neman albarka, a hanyar Hunainu wasu sababbin shiga Musulunci suka roƙi Manzon Allah (SAW) ya sanya musu irinsa, ya yi musu inkari mai tsanani. An kuma ruwaito Sayyidina Umar ya sa an sare itacen da aka yi mubaya'a a ƙarƙashinsa a Hudaibiyya da ya ji mutane suna zuwa sallah a wurin. Yaro abin da ya gani shi yake ɗauka.

Hajiya_Obalende:
Malam Allah ya ƙara ilimi, ni ban ce ya je neman albarka ba. Kallo na ce. Da na je ban taɓa komai ba ban cire takalmi don wani abu ba, na ga itatuwa na ga rafi na ga birai na fito na yi sallata a masallacin cikin gari.

Abu_Hafsa:
Ina ganin ku biyun ba ku saɓa ba. Abin da aka hana shi ne jingina amfani ko cuta ga itace. Tafiya a bayan ƙasa don duban halittar Allah kuwa Alƙur'ani ne ya yi umarni da ita a wurare da yawa. Kuma addinin da ya ce in alƙiyama ta zo kana riƙe da dashe ka dasa shi, kuma Sayyidina Abubakar ya hana rundunarsa sare itace mai 'ya'ya, ba zai zama mai ƙin tsohon itace ba. Sai dai uba ya zaɓi wurin da ba zai sha wahalar bayani ba, in akwai Lekki da Lufasi me zai kai shi inda ake yanka?

Malam_Idi_Araba:
Wannan na yarda da shi Abu Hafsa. Iyakar maganata ke nan, a zaɓi wuri, kuma in yaro ya ga ƙyalle a jikin itace a gaya masa gaskiyar abin, kada a ce masa "al'ada ce kawai" a wuce.

DanZazzau:
Amma Malam mu ma fa a gida ba mu tsira daga wannan ba, muna yara an hana mu wucewa gindin tsamiya da tsakar rana wai iskoki, kukar bayan gari kuwa ko da rana ba mai zuwa shi kaɗai. Kuma abin da ban san yadda zan yi da shi a raina ba shi ne, wannan tsoron ne ya bar itatuwan a tsaye. Da aka daina tsoro sai masu gawayi suka shigo. A Zariya unguwanni nawa ne suke da sunan rimi, Rimin Tsiwa, Rimin Doko, da can daga nesa rimaye kake fara hangowa kafin ganuwa, kakata da audugar rimi take cusa matashin kai. Je ka ƙirga nawa suka rage. Mun kori camfi alhamdulillahi, amma ba mu sa komai a gurbinsa da zai hana mutum ɗaukar gatari ba.

Abu_Hafsa:
Akwai abin sawa a gurbin ai, ba a karantar da shi ne. Yaushe rabon da ka ji huɗubar Juma'a a kan sare itace?

Dan_Maradi:
Mu a Nijar muna da labarin da ya fi wannan ciwo. Itacen Tenere, shi kaɗai ne a tsakiyar hamada, kilomita ɗaruruwa ba wani itace, ayarin raƙuma masu zuwa Bilma ɗauko gishiri da shi suke gane hanya, Buzaye ba sa karya ko reshensa don hura wuta. A 1973 direban babbar mota ya banke shi. Duk faɗin Sahara sai shi ya samu. Yanzu gangar jikin tana gidan tarihi a Yamai, a inda yake kuma an kafa na ƙarfe. Don haka Baban Walida in ka samu itacen ka kai su yanzu, kada ka ce sai baɗi.

Maman_Sadiq:
Allah sarki. Haka na Saliyo ma, babban rimin nan na tsakiyar Freetown da yake jikin takardar kuɗinsu, guguwa ta kayar da shi a watan Mayun 2023, na ga mutane suna kuka a bidiyo.

Sani_Badagry:
Tunda ana maganar waɗanda suka faɗi, kada wani ya yaudare ka ka taho Badagry don itacen Agia. Mutane da yawa suna zuwa suna tambaya ina yake. Shi ne itacen da Thomas Birch Freeman ya fara wa'azin Kirista a ƙarƙashinsa a 1842, amma iska ta tumɓuke shi tun 1959, abin da ke wurin yanzu ginin tunawa ne kawai. In tarihin cinikin bayi kake so yara su gani to bismillah ga gida, amma itace babu.

Baban_Walida_Agege:
Kai jama'a na gode ƙwarai, ban zaci abin zai kai haka ba. Malam na ji nasiha kuma na ɗauka. Omo ya shiga raina saboda bayanin Direba amma ƙaramin nawa bai kai ba. Tambaya ɗaya, yarinyar za ta tambaye ni shekarun itacen don ta rubuta, ta yaya ake sani? Don wani wuri da na taɓa zuwa mai zagayawa da mu ya ce itacen shekara dubu, na baya gare mu kuma ya gaya musu ɗari biyar, duk a itace ɗaya, kuma sai da ya karɓi na goro.

Ummi_Unilag:
Baba kada ka bari ta rubuta abin da masu zagayawa suka faɗa sai in a rubuce yake a allo. A ƙasashen sanyi itace yana yin zobe ɗaya a cikinsa kowace shekara don yana daina girma da hunturu, sai a ƙirga. Namu na kurmi da yawa ba sa yin zoben a fili, ga shi tsofaffin galibi cikinsu ya zama kogo. Kuka ma haka, sai da gwajin kabon ake gane shekarunta, da shi aka gano wata a Zimbabwe ta haura shekara 2,400. Kuma binciken da ya fito a 2018 ya nuna 9 daga cikin kukoki 13 mafiya tsufa a Afirka sun mutu ko sassansu mafiya tsufa sun rushe cikin shekara 12 kacal. Kauri kuma ba shi ne tsufa ba, rimi saurin girma gare shi, zai iya rinjayar ekki da ya girme shi nesa ba kusa ba. Abin da zan ba da shawara, ku tafi da awon tela, ta auna kewayen gangar daidai ƙirjinta ta rubuta, ta zana ganyen da ɓawon, wannan nata ne ba wanda zai ƙaryata.

Musa_Nottingham:
Ina biye da ku daga Ingila, tsohon ɗan Agege ne ni ma. Kusa da inda nake akwai dajin Sherwood, a ciki akwai itacen da suke kira Major Oak, an ƙiyasta shekarunsa tsakanin 800 zuwa 1,000, rassansa sun yi nauyi har sai da aka tokare su da sanduna. Tun shekarun 1970 suka kewaye shi da shinge, ba don tsoron ɓarawo ba, sawun masu ziyara ne yake danne ƙasa ta yi tauri ruwa da iska su kasa kaiwa ga saiwa. Na faɗi wannan ne don in kun je kada ku bar yara su tattake gindi ko su sassaƙa sunansu a jiki. Kuma a nan da wasu mutum biyu suka sare wani sanannen itace a jikin katangar Hadrian, tsohuwar katangar Rumawa da ke arewacin Ingila, a 2023, kotu ta ɗaure kowannensu shekara huɗu da wata uku.

Bakatsine_Mile12:
Su suna da gas da wuta ne Musa. Matar da kuɗin gas ya gagare ta kuma kananzir ya fi ƙarfinta da me za ta dafa tuwo? Buhun gawayi nawa ake saukewa a kasuwannin Legas kullum, daga ina kake zaton yake fitowa, daga Oyo da Kwara da Neja ne, kuma ƙirya da kaɗanya suka fi nema don gawayinsu ya fi daɗewa yana ci. Ba wai ina goyon baya ba ne, kaɗanyar da mata suke samun man kaɗe a jikinta shekara da shekaru a ƙone ta a dare ɗaya zalunci ne. Amma ka ɗaure mai gatari ka bar yunwa ba ka yi komai ba.

DanZazzau:
A ƙauyenmu da can ɗorawa tana da mai ita ko da a gonar wani take, ana gadonta, don kalwa ta daddawa, garin na sha, makuba ta daɓen ƙasa, ba abin yarwa. Wanda ya sare ta sai ya gurfana gaban dagaci. Talauci akwai a lokacin ma Bakatsine, amma ba a sare ta.

Hajiya_Obalende:
Mu dawo kan tambayar bawan Allah kada mu kai shi kasuwar gawayi. Baban Walida in Lekki ka tsayar, ku fita da sassafe tsakiyar mako, ranar Asabar cike yake da ɗalibai da masu ɗaukar hoto, hayaniya ta kori komai. Yara su sa takalmi rufaffe don katakon yana santsi in ya jiƙe, ga kwarkwasa, dogon wando saboda sauro. Kada kowa ya riƙe leda ko biskit a hannu, biran wurin sun saba da mutane fizgewa suke. Ki gaya wa Maman Walida, au ka gaya mata, ta sa abinci a jaka mai zif sai kun fita fili wajen rumfuna.

Injiniya_Ajah:
Daga Agege ka kamo Obalende ko CMS ka hau motar Ajah ka ce Chevron za ka sauka. Da safe daga Obalende zuwa Chevron kana tafiya ne sabanin gosulo tunda kowa Island yake nufa daga Ajah, amma ka baro can kafin la'asar in ba haka ba za ku yi isha'i a hanya.

Bakatsine_Mile12:
Ni dai har yanzu ina kan bakata. Ya kai su Lekki su ga birai ba laifi, amma in Sallah ta zo ya sa su a mota ya kai su gida, ya tsayar da su gindin kukar garinsu, kakarsu ta nuna musu yadda ake shanya ganye a daka a yi miya. Wannan itacen nasu ne.

Direban_Tirela:
Baban Walida in yaran sun ƙara tasawa kuma kana son Omo ka yi min magana ta akwati, da rani ake shiga tsakanin Disamba da Fabrairu, kuma dole ka nemi izini wurin ma'aikatan gandun daji su haɗa ka da ɗan rakiya, kada ka kuskura ka shiga kai kaɗai. Ummi ke da kike karatun abin, ku ɗalibai ana kai ku can kuwa ko iyakarku cikin makaranta?